Ranar da A-kori-kura Ta Ƙi Tashi

"Sake murzawa mana..." Ikilima ta faɗa, ba tare da ta dube shi ba.

Hammanjoda ya sake murza makulli. Ƙyat... ƙyat... sai shiru.

Tun da sassafe aka gama ɗora kayan gidansu a bayan a-kori-kurar: gadaje, keken ɗinkin Baba, kwanonin Umma a ƙulle cikin zani. Mahaifinta, Malam Abdulmuttalib, ya rufe shagonsa na unguwar Sintali bayan shekara ashirin da biyu, zai koma Zariya da iyalinsa. Babbar motar da za ta kwashe su tana jira a tasha. Duk direbobin Jalingo kuwa, Baba bai kira kowa ba sai mutumin da ya shekara huɗu yana zuwa zance wurinta.

"Da gangan ka yi, ko?"

"Haba Kilima! Jiya lafiya lau na taho da ita daga ƙauyenmu Iware."

"To me ya same ta?"

"Ina jin batir ne. Bari in duba."

Ya fito ya ɗaga murfin inji. Ta tsaya gefe tana kallonsa. Ya rame. Idanunsa sun yi ja, irin na wanda ya manta rabonsa da barcin kirki. Ta so ta ji haushinsa, amma ko ƙarfin jin haushin ba ta da shi. Ta yi kuka sati biyu, hawayen ma sun gaji.

"Shiga ki kunna min fitila."

Ta shiga ta kunna.

"Ta kama, amma ja-ja... Danna oda."

Ta danna. Wani ɗan sauti ya fito, kamar kukan ɗan akuya mara lafiya.

"Ya mutu ke nan?"

"Ban sani ba tukuna."

Ta dawo kusa da shi. Wani farin gari kamar kanwa ya lulluɓe kan batirin, inda waya ke maƙale. Ya kwance murafen ɗaya bayan ɗaya yana leƙa ruwan ciki. Ita kuwa hannunsa take kallo, hannun da kullum yake ɗaga Dada, mahaifiyarsa, tun da ɓarin jikinta ya shanye shekara uku da suka wuce. Shi kaɗai gare ta. Sau uku ana shirin sa rana, sau uku yana cewa a ɗan jira Dada ta samu sauƙi.

Ya ɗauki guntun waya ya taɓa kawunan batirin biyu. Wuta ta yi tartsatsi, fau!

Ya ajiye wayar.

"Da ransa," ya ce a hankali. "Datti ne kawai ya tare. Ruwan zafi da sifana, minti biyar ta tashi."

Ta dube shi. Minti biyar!

"Hamma..." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka ce ya mutu."

Ya ɗago.

"Ka ce wa Baba ya mutu, sai an kai caji. Motar Zariya ta tafi ta bar mu. Kwana ɗaya kawai..."

"Kwana ɗaya, sai me ya biyo baya, abar ƙaunata? Gobe ma Dada tana kwance. Jibi ma haka. In ɗauke ki daga gidan wuta da famfo, in kai ki ƙauye ki riƙa wanke tsohuwa? Ke da kika yi karatu? Wallahi ba zan iya yi miki haka ba."

"Ka taɓa tambaya ta?"

"Me?"

"Shekara uku kana yanke min hukunci kai kaɗai! Ka taɓa buɗe baki ka ce, Kilima za ki iya? Ko sau ɗaya?"

Ya mai da idonsa kan batirin.

"Na gaji, Hamma. Jiran nan ya fi wankin tsohuwa wuya. Na gaji..."

Sai ga Baba ya fito daga zaure, buta a hannu.

"Yaya dai, Hammanjoda? Ya mutu ne?"

Ikilima ta runtse ido.

"Bai mutu ba, Baba. Yanzu za ta tashi."

Ta juya baya, hawaye na zuba. Tana ji Umma ta kawo ruwan zafi, tana ji yana kankarewa, yana ɗaurewa. Ya shiga ya murza, injin ya ɗauka da ruri. Sai kuma ta ji ya kashe.

Da ta waiwayo, yana durƙushe a ƙasa gaban Baba, hannuwansa baƙi ƙirin da mai.

"Baba, na yi laifi. Na riƙe 'yarka shekara huɗu. Ba ni da komai sai motar nan da uwa mara lafiya. In za ka ba ni ita a haka... ina so."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye butar, ya sauke numfashi.

"Kana tsammanin babu wasu direbobi ne a garin nan?" Ya dubi 'yarsa. "Ke, kin san me ke jiran ki a Iware?"

"Na sani, Baba."

"Babu hutu fa."

"Na sani."

"To. Kai kayan tasha, su yi gaba. Mu za mu zauna gidan ƙanina a Mayo Gwoi zuwa Juma'a. Ka turo kawunanka. In Juma'a ta wuce, kada in sake ganin ka."

Ran Laraba kawunan nasa suka zo.

Wata guda bayan haka aka kai ta Iware. Da ta shiga ɗakin Dada ta durƙusa, tsohuwar ta ɗaga hannunta mai lafiya da ƙyar, ta shafa fuskarta, ta yi wata magana da Fulatanci wadda ba ta fita sosai.

"Me ta ce?" Ikilima ta tambaya.

Hammanjoda ya share ido da hannun riga.

"Wai me ya sa kika daɗe haka..."