Abin da Limpho Ta Faɗa a Bakin Rafi

Ranar da Khotso ya fara ganin Mamello, tana durƙushe a bakin titin Leribe tana fifita garwashi da murfin bokiti, hayaƙin masarar da take gasawa ya sa idanunta sun yi ja. Watan Maris ne, kaka ta shigo. Itatuwan perekisi, masu 'ya'ya zaƙaƙa kamar ƙananan mangwaro, sun yi nauyi har rassansu na sharar ƙasa, kowane rufin kwano a ƙauyen an yanka 'ya'yan an shanya a kai.

Limpho, 'yar ƙanin babanta, ita ta ɗaga wa motar hayar da Khotso ke tuƙawa hannu. Direban ya tsaya, ya leƙo, amma ba mai kiran ya kalla ba.

"'Yan mata, masarar ce ta sa ki kuka, ko masu sayen ne ba su da kirki?"

Mamello ta goge ido da gefen bargonta. "Direbobi ne. Su ci biyu, su ce ɗaya suka ci."

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ya sayi masara uku da ƙullin busasshen perekisi. Washegari ya dawo, jibi ma haka, har wata tsohuwa a kujerar gaba ta ce masa, "Ɗana, ka karɓi lambarta mana mu huta. Kullum sai mun makara asibiti."

Da yamma saƙonsa na farko ya shigo: "Perekisina, na kai kowa gidansa lafiya. Ni ne kawai na rasa hanya, don zuciyata ta sauka a wajenki."

Ta nuna wa Limpho, suka yi ta dariya a kan gadon da suke kwana tare tun suna 'yan shekara shida. Limpho ce ma ta tsara mata amsa.

Baba Mohapi, mahaifin Mamello, bai yi dariya ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a ramin zinariya, ya dawo da tari da taurin kai.

"Direba?" in ji shi. "Kowace tasha da matarsa. Ban haifi 'yar da za a jera a layi ba."

Khotso bai yi fushi ba. Da sanyi ya shigo ya kawo musu itace da gawayi, da bazara ya kai tsohon asibiti sau uku bai karɓi ko sisi ba. Kafin kaka ta zagayo, Baba Mohapi ya daina tashi daga tsakar gida in ya ji ƙarar motar. Bai ce ya yarda ba, amma ya ce a gayyato shi cin abincin Ista.

Kowace shekara a bakin rafi suke yin wannan zama. Dogayen itatuwan gaɓar sun koma rawaya, ganye na zuba a kan barguna, furanni farare da jajaye sun cika gefen gonaki. Inna, mahaifiyar Mamello, ta kawo tuwon masara da ganye da naman tunkiya, da kunun dawa mai tsami a jarka, da kwalaben perekisin da suka dafa da sukari a makon da ya wuce. Mamello ta ɗaura sabon ɗankwali. Ta san yau Khotso zai nemi izinin turo manyansa.

Ya gyara zama, ya cire hula, ya buɗe baki ke nan sai Limpho ta ce, tana ɓare kabewa ba ta ko ɗago ba, "Yaya Khotso, ya jikin 'yarka? Mosa ko? Da ka zo da ita da mamanta, ai abincin ya isa."

Cokalin hannun Inna ya tsaya a cikin tukunya.

Mamello ta yi murmushi, tana jiran ya ce wasa ne. Ta dube shi. Ya sunkuyar da kai.

"Kana da 'ya?" in ji Baba Mohapi.

"Ina da ita, Baba. Amma ku bari in…"

"Ɗauki hularka."

Mamello ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta tashi ta tattara kwanuka, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya a ruwan da ke ƙanƙarar da yatsu, har ta ji tashin motarsa. Shekara guda cif. Ta ba shi labarin ƙanenta da ya rasu, ta ba shi labarin jarrabawar da ta faɗi wadda ko Inna ba ta sani ba. Shi kuwa yana zaune da mutum sukutum a bayansa bai taɓa ambata ba.

Saƙonni suka yi ta shigowa. "Perekisina, na yi laifi, amma ba irin wanda kike zato ba. Ki ba ni minti biyar." Ta goge. "Mamello, don Allah." Ta toshe lambar.

Limpho ce ke lallashinta. "Gara da kika sani yanzu, 'yar'uwa. Ni ba zan iya gani ana cutarki in yi shiru ba." Mamello ta kwantar da kai a cinyarta tana godiya.

Aka shiga girbin masara. Tana karya zangarniya tana jefawa a buhu, ba ta magana da kowa. Ta daina zuwa bakin titi, don motarsa na wucewa sau huɗu a rana.

Baba Mohapi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Wata Asabar ya yafa bargonsa na zuwa coci, ya ɗauki sanda, ya ce zai je Butha-Buthe, garin su Khotso, ya faɗa wa matar yaron nan irin mijin da take aure. Inna ta hana, bai ji ba.

Da la'asar ya dawo. Ya zauna a kan dutsen ƙofar gida, ya daɗe yana tari, sannan ya kira Mamello.

"Na ga matar," ya ce. "Uwarsa ce ta kai ni. Matar na kwance a kabari bayan coci, an ɗora mata dutse. Shekara huɗu ke nan, wajen haihuwar yarinyar ta tafi." Ya share baki. "Kuma uwar ta ce tun sanyin bara ya so ya faɗa miki. Ya nemi shawarar 'yar'uwarki, ta ce masa kada ya kuskura, wai kin rantse ba za ki auri mai ɗa ba, ya bari sai an kai shanun aure tukuna."

Mamello ta miƙe. Ta zaga bayan ɗaki, inda Limpho ke sussukar masara a kan tabarma.

"Kin san ta rasu."

Limpho ba ta musa ba. Hannunta bai daina aiki ba.

"Kin san ta rasu, kika ce ya zo da ita. A gaban Baba. Sannan kika bar ni ina kuka a cinyarki."

"Ni na tsayar da motar," in ji Limpho a hankali. "Ni na fara ganinsa. Ni na rubuta miki amsoshin da suka sa ya so ki. Komai na gidan nan naki ne, Mamello. Ni 'yar riƙo ce, abin da kika rage nake samu."

"Da kin faɗa mini."

"Da kin bar mini shi?"

Mamello ta tsaya tana kallon hannuwan da suka yi mata kitso shekara goma sha takwas. A makon nan Limpho ta haɗa kayanta ta tafi Maseru neman aiki a masaƙa. Inna ta cusa mata ƙullin busasshen perekisi a jaka, Mamello kuwa ba ta fito rakiya ba.

Sai da raɓa ta fara daskarewa a kan ciyawa da safe sannan ta buɗe lambarsa. Ta rubuta: "Gobe, gonar Baba. Minti biyar ɗin da ka nema."

Ya zo a rame, ya tsaya nesa da ita a cikin karan masara.

"Ba 'yarka ce ta ɓata mini rai ba," ta ce. "Ka ɗauki maganar da tawa ce ka kai wa wata. Ka yarda da abin da aka ce zan yi, ba ka tambaye ni ba."

"Tsoro na ji. Na binne mace ɗaya, na ga kamar in na buɗe baki zan rasa ta biyu."

"To ai ka kusa."

"Na sani." Ya matso taku ɗaya. "Babu sauran abin da na ɓoye. Ki tambaye ni komai, yau ko bayan shekara arba'in."

Ta daɗe tana murza ganyen masara a hannu. "Me take so? Mosa."

"Duk abin da ke da zaƙi. Kuma ba ta yarda a taɓa mata kai."

"Ka kawo ta ranar Lahadi. Ban ce na yafe ba, Direba. Na ce ka kawo ta."

Yafiyar ta ɗauki sanyin shekarar gaba ɗaya. Da kaka ta sake zagayowa aka koro shanu zuwa garken Baba Mohapi, tsohon ya zagaya su da sandarsa yana neman aibu bai samu ba. Aka ɗaura aure a cocin ƙauyen, Mosa na riƙe da gefen rigar amarya ta ƙi saki. Daga Maseru saƙon Limpho ya zo, kalma huɗu: "Allah ya sanya alheri." Mamello ta karanta, ta rubuta "Amin", ta kife wayar.

A Butha-Buthe aka yanka tunkiya, aka yafa mata sabon bargo, dangin miji suka zauna don raɗa mata sunan gidan aure kamar yadda aka saba. Surukarta ta kama hannunta biyu.

"Ba zan ba ki sunan wadda ta tafi ba, 'yata. Ba gurbin kowa kika zo cikewa ba. Daga yau ke ce Matsepo. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa abin da zai faɗa miki kullum daga bakinsa za ki fara ji."

Mata suka rangaɗa guɗa. Khotso ya sunkuyo ya raɗa mata, "Ni dai Perekisina zan ci gaba da cewa."

"A gaban Mama?" in ji ta. "Gwada mu gani."