Harafin Ƙarshe a Bangon Sojoji

"Malama, hannunki!"

Maganar da ya fara yi mata ke nan, kuma ba da fara'a ba. Ɗalibai talatin ta kawo gidan tarihin yaƙi, tun a mota take kashedin kada wanda ya taɓa komai, sai ga ta da kanta ta dafa bangon da aka sassaƙa sunayen sojojin da suka mutu. Fentin ɗanye ne. Yara me za su yi in ba dariya ba!

Ya sauko daga tsani ya miƙa mata tsumma. Aikinsa ke nan, bin sunayen da ɗan siririn buroshi yana sabunta su. Haƙuri ta tsaya ba shi, ta ɓige da karɓar lambarsa, wai ko ɗalibai za su yi tambaya. Ɗaliban da hankalinsu ke kan tankar yaƙi.

Kafin wata uku magana ta yi nisa. "Malamata, yau suna tara na gama, amma naki ne a bakina," ya rubuto mata.

"Mai buroshina, ka dai riƙe tsani," ta mayar.

Da maganar aure ta taso, babanta ne ya ƙi. "Ba zan yi miki dole ba," in ji shi, "amma mai aikin wancan bangon, ba da albarkata ba."

Ta san dalili. Sunan mahaifin Baba na jikin bangon. Baba na cikin mahaifiyarsa mahaifin ya tafi yaƙi bai dawo ba, shi kuwa bai taɓa taka wurin ba. Ita kuma ba za ta yi aure babu albarkarsa ba. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, a aji sai ta maimaita darasin jiya.

Mataimakin shugaban makaranta, wanda ya daɗe yana mata zarya, ya raka wani aji wurin, ya dawo da hoto har da tausayinsa na ƙarya. Mai buroshinta ne riƙe da hannun wata budurwa.

Kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba. Kishi ya ci ta, ta yi kuka a ɗakin malamai. A na biyar saƙo ya shigo:

"Malamata, ƙa'idar aikinmu ce. Harafin ƙarshe dangin mamaci ke yi, ni hannu kawai nake riƙe musu don kada ya karkace. Budurwar da aka gan ni da ita, sunan kakanta ne. Ranar Laraba zan kai kan sunan naki kakan. Ki faɗa wa Baba."

Ta faɗa. Baba ya ƙara wa rediyonsa murya.

Ranar Laraba da safe ta same shi a bakin ƙofa ya sa hula. "Zuwa zan yi in ja masa kunne ya fita harkarki," in ji shi.

Da suka isa, saurayin ya durƙusa ya gaida shi, sannan ya miƙa masa buroshi. Baba ya daɗe yana kallon sunan. Ya ɗora buroshin a kan harafin ƙarshe, saurayin ya riƙe masa hannu har harafin ya cika.

"Sau nawa ka yi masa?" Baba ya tambaya.

"Wannan na uku, Baba."

"Na baya wa ya ƙarasa?"

"Ba wanda ya zo. Nakan jira har a tashi aiki, sai in ƙarasa da kaina."

Baba ya share fuska da bakin riga. "Shekara sittin ina fushi da shi don ya bar ni. Ashe ni ma na bar shi." Ya juya ga saurayin. "Sakar min hannu haka nan. Ka turo manyanka."

Da hutun makaranta aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta. "Na yarda, uwata. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya bar ku tare har tsufa."