Ramukan Farin Soso

Tun da matarsa ta rasu, Ɗalha ba shi da abokin hira sai waya. Kullum bayan magariba yakan kira garin Kusada, a miƙa wa 'yarsa Rauda da ke zaune wurin kakarta, ta ba shi labarin akuyar kakarta. Ba don wannan kiran ba, da kaɗaici ya gama da shi.

Ran nan aka tura shi gyaran eriyar intanet a ƙarfen sabis na bayan ƙauyen Sukuntuni. Farin soson da ke cikinta ne ya tsage. Soso ne mai tauri marar nauyi, duk jikinsa ƙananan ramukan iska, shi ya sa saƙo ke ratsa shi ba ya raguwa. Sabon kuwa motar kamfani ta daɗe da jingine shi a gindin tsamiya, kuma ya yi girma, sai an rage shi.

Rana ta faɗi. Gonakin gero sun yi tsit. Ya ji kiran salla can nesa, ya ce bari dai ya ƙarasa. Ya jona siririyar wayar yanka a batir har ta yi ja. Ɗalha ya san ba a zuba ruwan zafi a rami da almuru, kakarsa ta sha ja masa kunne. Amma wa zai kira soson kamfani rami?

Ya ɗora wayar yankan a kan soson. Soson ya yi tsuwa.

Ƙauri ya tashi, ba na roba ba, na gashi.

Sai kukan jariri, siriri, daga cikin soson. Nan take ya yanke.

Wayar aljihunsa ta haska, ta amsa kanta. Wata mace ta yi raɗa: "Ɗana na kwana a ciki."

"Ban sani ba, baiwar Allah. Wallahi ban sani ba."

"Kai ma kana da ɗiya. Kullum ina jin ku."

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa.

"Ni ba ni ƙara jin nawa."

Ya watsar da kayan ya haye babur, yana karanto Ayatul Kursiyyu. Bai waiwaya ba sai Kusada.

Ya tarar da Rauda a kan tabarma lafiya lau, tana cin tuwo. Ya yi hamdala, ya kira sunanta. Ba ta juyo ba. Sai da kakar ta ce ga babanki, sannan ta ruga ta rungume shi.

An je asibiti, an je wurin malamai. Yarinya tana jin ladan, tana jin akuya, tana jin kowa. Shi kaɗai ne sai dai ta ga bakinsa yana motsi.

Har yau yana kira bayan magariba. Rauda takan riƙe wayar ta jira, sannan ya ji tana tambaya:

"Kaka, Baba ya sake yin shiru. Fushi yake yi da ni?"