Ranar da Na Kawar da Tulin Duwatsu

Yara, lokacin da nake aji biyar, duk ƙauyenmu babu wanda ya kai ni tsokana. Har kwaɗo na taɓa sa wa hedimasta a hula.

Sati biyu Malam Eusebio yana shirya mana tafiya zuwa tafkin da ke can saman dutse. Ya raba mana kaya. Wannan tanti, wancan dankali da cuku. Baba Zenón ya ba mu aron jakinsa.

"Ku saurara," in ji Malam. "Can sama babu hanya. Makiyaya sun tara duwatsu tuli-tuli. Daga wannan tulin za ka hango na gaba. Kada kowa ya taɓa su."

Ranar tafiya, abokina Fermín ya tsaya gyara takalmi, muka bar shi a baya.

"Kunkuru, sai ka iso!" na ce.

"Je ka, bakin aku. Zan kamo ka."

Da na ga babu mai kallona, sai na rushe tuli ɗaya, na sake tara shi ta wajen kwazazzabo. Nufina ya ɗan sha yawo, ya dawo mu yi dariya.

Da azahar gajimare ya sauko ya rufe ko'ina. Muka kafa tanti, Malam ya duba mu. Babu Fermín. Ƙanwarsa Nélida ta fashe da kuka.

Na matsa kusa da Malam. Da ƙyar na ce, "Malam, ni na kawar da tulin."

Bai daka mini tsawa ba. Cewa kawai ya yi, "Wuce gaba, ka nuna mana."

Muka same shi a kwazazzabo yana rawar sanyi, ƙafarsa ta gurɗe.

"Malam, na bi duwatsun," in ji shi. "Na rantse na bi su."

Har yau maganar nan tana sukata. A kan jaki aka mayar da shi gida, ko tafkin bai gani ba.

Na je na ba shi haƙuri, ya kau da kai. Sati uku ina ɗaukar masa jaka, shi kuwa yana dogara sanda. Ranar da ya ajiye sanda, ya miƙo mini gasasshiyar masara.

"Karɓi, aku. Amma ba ka kyauta ba."

"Na sani," na ce.

Yara, abin da mutane suka dogara da shi don tsira, ba abin wasa ba ne.