Mai Ɗaki a Cikin Talabijin

Shekara tara talabijin ɗin tana kan teburin falo a lulluɓe, tun rasuwar maigidan. Mama ba ta kunna ta, ba ta kuma yarda a taɓa. Sai da babban ɗanta ya aiko da sabuwar na'urar bidiyo daga ƙasar da yake aiki, ɗauke da hotunan jikan da ba ta taɓa gani ba, sannan ta yaye mayafin da hannunta.

Autarta ta duba wayar na'urar mai faffaɗan baki, ta leƙa bayan talabijin, rami ɗaya ne tak na eriya.

"Mama, wannan ai sa'arki ce, ba ta jin yaren zamani."

Aka kira mai gyara. Ya zo da ɗan akwatin da ke haɗa tsoho da sabo, ya jona wayoyi ja da fari da rawaya. Da ya ga ramin eriyar ya toshe, ya kwance murfin baya, ya hure ƙura, ya zura waya. Ana kiran magariba hoto ya fito.

Jaririn dariya yake yi a hoton, amma abin da ke fitowa daga lasifika kuka ne, kuma ba na yaro ɗaya ba. Mama ta zare wayar wuta. Kukan bai tsaya ba. Can sai ga ƙarar tsakuwa bisa kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Ta juyo ta ce wa Auta su fita, ta tarar da ita durƙushe tana fuskantar bango, tana ƙirga wasu sunaye da muryar da ba tata ba.

Kwana uku Auta ba ci ba sha. Mama ta rame kamar kara.

A rana ta huɗu malam mai ruƙiyya ya zo bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago, idanunta jajir.

"Ku kuka fara," in ji muryar. "Na tarar da ɗaki shiru, na zauna da 'ya'yana. Kuka yaye mana rufi, kuka saka mana wuta."

"Rashin sani ne. Ka fita daga baiwar Allah," in ji malam.

"A bar min ita a madadin ɗakina."

"Ɗan Adam ba ɗakin haya ba ne." Malam ya ɗaga murya da karatu har ta fara kururuwa.

"Tsaya! To a rufe akwatin talabijin ɗin, a kai min shi inda ba mutane. Mai shi za ta ɗauka."

Malam ya dubi Mama. Abu na farko ke nan da marigayi ya saya musu suna amarya da ango. Ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta dubi busassun leɓɓan 'yarta. Ta cire wayoyin, ta mayar da murfi, ta yi gammo ta aza a ka.

A wani kango bayan gari ta sauke, wuyanta na zogi. Ba ta waiwaya ba.

Tana shigowa gida ta ji atishawa sau uku, sannan wata siririyar murya da ta sani.

"Mama, ina kika je? Ƙishirwa nake ji."