Zaren da Aka Ƙona Sau Biyu

Ƙarfe huɗu na yamma Sufeto ya shiga ɗakin ƙungiyar ɗaliban fiziks, ya tarar da su cirko-cirko kamar gidan makoki.

Madubin na'urar hangen taurari ne ya ɓace. Wata takwas suna goge shi da hannu, gobe kuma gasar jami'o'i. Masu gadi har sun kama Inna mai shara, tana rakuɓe a lungu. In abin ya tabbata a kanta, aiki ya tafi, ga kuma gidan yari.

"Mukullai nawa ne?" Sufeto ya tambaya.

"Uku," in ji Shugaba, yarinyar da ke jan ƙungiyar, idonta jawur. "Nawa, na Inna, da na Dakta, uban ƙungiyarmu. Ni tun sha biyu ina ɗakin jarrabawa."

Dakta ya gyara tabarau. "Ni rabona da nan tun taron safe. Abin takaici ne, amma sai a tambayi mai shara."

Sufeto ya waiwaya. Wani dunƙulen ƙarfe yake kallo, rataye da waya daga rufi, yana lilo shi kaɗai a tsakar ɗaki.

"Wannan fa, aljanu ke kaɗa shi?"

"Gwajin juyawar duniya ne, ranka ya daɗe," in ji Shugaba. "Ba a tura shi da hannu, sai ya karkace. Ja muke yi mu ɗaure da zare, mu ƙona zaren. Sau ɗaya, a buɗe taro."

Sufeto ya durƙusa, ya tsinci guntun zare mai baƙin baki da tsinken ashana.

"Inna, yaushe kika yi shara?"

"Bayan sun tashi, ɗan nan. Wallahi ko tsinke ban bari ba. Zarensu na safe yana kwandona."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya zazzage kwandon. Ga shi kuwa. Zare biyu ke nan.



"Wani ya shigo bayan shara," in ji Sufeto. "Ya yi karo da ƙarfen nan, ya tsayar da shi. Ɓarawon titi ina ruwansa? Inna da hannu za ta tura. Wannan ko, zuciyarsa ba ta yarda ya ɓata gwaji ba, sai ya sake ɗaure shi da zare, ya ƙona. Dakta, tun ɗazu ɗingishi kake. Ɗaga mana ƙafar wandonka."

Ƙwaurin ya kumbura suntum.

"Innalillahi!" Shugaba ta dafe ƙirji. "Dakta? Kai?"

Kofur ya buɗe jakar Dakta. A cikin tawul aka sami madubin, ya fashe gida biyar.

"Ɗauka na yi in duba shi a haske," Dakta ya ce. "Na juyo, ƙarfen ya doke ni, madubin ya suɓuce. Da wane ido zan kalli ɗalibaina?"

"Shi ne ka kai wa masu gadi sunan tsohuwa?" in ji Sufeto.

Dakta ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya yi wa Kofur alama, aka tasa Dakta gaba.

Sun kai ƙofa Inna ta miƙe, tana share hawaye da bakin mayafi.

"Haba ɗana," ta ce. "Fashewa ya yi? Ai da ka faɗa min, da na share maka."