Karatu Kawai

"Rubutu ya ƙi shiga!" na ce, ina ta danna madannan kwamfutar.

Sammani, ɗan baffana mai kula da shagon ɗab'in Abbanmu a Fagge, ya leƙo allon.

"An soke rajistar manhajar, Yakaka. Yanzu sai karatu kawai. Bayan kwana talatin komai zai goge."

"Wa ya soke?"

"Wanda ya saka mana ita mana. Inyamurinki. Ƙila ya gaji da jira."

Uchenna ke nan, mai shagon kwamfuta a Sabon Gari. Tun da Abba ya ji labarinmu ya sa na rantse ba zan kira shi ba, ba zan tura masa saƙon waya ba. Rantsuwar ba ta haɗa da shafin manhajar da shagunanmu biyu ke rubuta odar tawada ba. A ƙasan shafin muka yi wata bakwai muna hira.

Layinsa na ƙarshe ya kwana shida yana jirana:

"Masoyiya, an ba ni aiki a Fatakwal, Asabar ta sama zan tafi. Rubuta kalma ɗaya, in zauna."

Yau na zo da kalmar...

Shekara biyar na yi ni kaɗai ina karatu a Malesiya, ban iya roƙo ba. Ya rufe, na bar shi a rufe. Amma kullum sai na buɗe shafin na karanta layin.

Ran Litinin na kasa daurewa, na hau adaidaita zuwa Sabon Gari.

Mahaifiyarsa na tarar tana kwashe kayan shagon, shi ya tafi tun Asabar. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa.

"Ke ce Yakaka? Kin yi wa ɗana wulaƙanci, 'yata."

"Mama, shi fa ya soke!"

"Ya soke me? Daga shagonku aka soke, wani Sammani ne ya kira. Kullum Uchenna yana zaune nan yana ganin alamar kin buɗe, kin karanta, kin fita. Ya ce, 'Mama, ai ta amsa.'"

Ta rubuta lambarsa a takarda ta miƙo min.

Na dubi takardar. Da Alƙur'ani a hannuna na yi wa Abba rantsuwa.

"Ba zan iya kira ba, Mama."

Ta ninke ta, ta mayar cikin jakarta.

"To, Allah ya kiyaye hanya."